Tabon Jar Tawada da Ya Ɓace

Da hantsi aka shigo da ƙarar, kuma ba cikin lalama aka shigo da ita ba. Wani mutum ne cikin kwat ruwan toka, turarensa ya riga shi shiga ofishin 'yan sanda, yana tisa ƙeyar wata mata mai fararen kayan asibiti.

"Ga ɓarauniya na kawo muku da hannuna," ya ce. "Naku kawai ku rufe ta."

Sufeto ya ɗago kai ya dube su. A bayan idonsa kowa a ofishin yana ce masa Hanci. Ba don hancin nasa ya fi na kowa tsawo ba, ko da yake ya fi ɗin, sai don duk inda aka kai shi bincike, kafin ya duba komai sai ya tsaya ya shaƙi iskar wurin.

"Da wa nake magana?"

"Manajan babban otal ɗin nan na bakin titi. Ni nake auren 'yar Malama, tsohuwar shugabar makaranta. Matata ta yi tafiya wajen aiki, ni ke kula da gidan."

Ya zayyano labarin a tsaye, ya ƙi zama. Malama ta tsufa, idanu sun tafi, ƙafa ba ta ɗaukarta. Gwal ɗinta na gado, sarƙoƙi da awarwaro, yana cikin durowar teburinta na rubutu. Mukullin durowar guda ne tak, kuma a wuyan Nas yake rataye, wato matar nan da ke jinyarta. Yau da safe Malama ta ce a buɗe mata, aka buɗe, sai akwatin gwal ɗin wayam.

"Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle makulli ba, ko ƙwarzane babu a jikin teburin," in ji Manaja. "To aljanu ne suka ɗauka?"

"Wallahi ranka ya daɗe ban ɗauka ba," Nas ta ce. "Mama kamar uwa take a wurina."

"Kin bar gidan a 'yan kwanakin nan?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba."

Ta faɗa tana kallon ƙasa, Sufeto kuwa ya ga hakan. Ya juya wajen Manaja.

"Kai fa, yaushe rabonka da ɗakin teburin?"

"Tun da Mama ta kwanta ban taka shi ba. Me zan yi a ciki?"

Oga, shugaban 'yan sandan wurin, ya leƙo daga ofishinsa, ya ji abin da ya ji, ya yanke magana: a rufe ta a bayan kanta, gobe da safe a wuce da ita kotu. Sufeto ya san abin da hakan ke nufi. Ma'aikaciyar jinyar da aka kama da satar majinyaci, ko alƙali ya tausaya mata, takardar aikinta ta tafi ke nan har abada. Ya ɗauki hularsa, ya yafito Kofur.

Kofur mace ce mai baki, ba ta barin ta kwana. Tun a mota ta fara.

"Yallaɓai, wannan ai ba ya buƙatar hanci. Mukulli a wuyanta, ido a ƙasa."

"Tuƙa mota dai, Kofur."

Ɗakin karatun Malama yana can ƙarshen baranda, nesa da ɗakin kwananta. Littattafai har rufi, taga a rufe, sai teburin a tsakiya, wani ƙaton tsohon katako mai duhu, irin wanda maza huɗu ke nishi kafin su ɗaga. Manaja ya tsaya a waje yana waya, yana ta yi wa wani ma'aikacin otal tsawa.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa ya ja iska. Ƙamshin tsofaffin takardu, ƙura, sannan wani abu a ƙasansu wanda ya mayar da shi shagon mahaifinsa, don kuwa ɗan kafinta ne shi, a cikin dusar katako ya yi rarrafe. Kakin zuma ne da sifirit na goge katako, kuma ba tsoho ba.

"Yaushe rabon da a goge teburin nan da kaki?" ya tambaya.

Kofur ce ta turo Malama a keken marasa lafiya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, amma muryarta har yanzu ta mai tsayar da ɗalibai a layi ce.

"Kaki? Ba wanda ya isa. Tsumma busasshe kawai na yarda a sa masa. Matso da ni, yarinya."

Ta ɗora tafukanta a kan teburin tana shafawa, kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Can sai hannunta na dama ya tsaya cak. Ta koma baya, ta sake shafawa.

"Ina karcen?"

"Wane karce, Mama?"

"Akwai karce a nan, dogo, daga wannan kusurwar ya gangaro. 'Yata ce ta ja shi da ƙusa tana ƙarama, ranar da na hana ta fita wasa. Kullum a cikinsa nake kwantar da alƙalamina don kada ya gangara. Ke mai ido, duba mini, kusa da shi akwai tabon jar tawada kamar faɗin tafin hannu. Duk jarrabawar da na yi wa maki a rayuwata, a nan na ɗiga."

Kofur ta sunkuya, ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, babu tabo. Wurin sumul yake, har ɗaukar ido yake yi."

"To an taɓa mini tebur," in ji Malama, ranta a ɓace.

Sufeto ya durƙusa, ya haska fitilar wayarsa a kaikaice a bakin durowar. Ya daɗe yana kallo. Ya kai farcensa ya danna a hankali a saman makullin, sai farcen ya ɗan nutse. Katako ba ya nutsewa haka.

"An ɓalle durowar nan, Kofur," ya ce ƙasa-ƙasa. "An zura ƙarfe an ɗaga saman teburin har harshen makulli ya fita. Ga kwalbar tawada can saura ɗan guntu, ita ce ta kife da teburin ya motsa. Daga nan mutumin ya zauna ya gyara ɓarnarsa tsaf. Ya wanke tawada da sifirit, ya goge da samfefa, ya cike ramuka da kaki, ya daidaita kala."

"Ɓarawo mai gyara? Tirƙashi! A turo mana shi gidanmu."

"Mai mukulli a wuya ba ta buƙatar wannan wahalar." Ya juya ga tsohuwar. "Mama, maganar karcen nan ta tsaya tsakaninmu, ko surukinki kada ya ji."

"Na riƙe sirrin takardun jarrabawa shekara da shekaru, ɗana. Naka ne zai gagare ni?"

Suka koma ofis, ya sa aka fito masa da Nas. Ta sha kuka har idanu sun kumbura. Tana zama ya lura da wani abu a kafaɗar farar rigarta, wani ɗan tabo ruwan ƙasa mai tsini a gaba.

"Mene ne wannan?"

"Dutsen gugar gidan ne ya yi mini. Na zo guga da safe, ina ɗorawa sai ga shi. Ban san me ya manne masa ba."

Ya nemi izini, ya matso ya shinshina. Kaki ne. Ya san dabarar sarai: idan ƙarfe ya lotsa katako, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ɗora dutsen guga mai zafi, tururi ya kumbura wurin ya dawo daidai. Wanda bai zauna a shago ba ba zai san wannan ba.

"Ranar da ta gabaci gugar nan, ina kika je?"

"Ban je ko'ina ba."

"Ki dube ni. Wani ya shiga gidan, ya jona dutsen guga, ya yi aikin da ke cin rabin yini, ke kina ciki ba ki ji ba? Ko dai tare kuka yi?"

Sai ta fashe da kuka.

"Mijina ne a kwance a asibiti, ranka ya daɗe. Duk ranar da ake wanke masa ƙoda, idan na ba Mama maganin rana ta yi barci, sai in saci jiki in je in zauna da shi, in dawo kafin ta farka. Idan aka ji na bar majinyaciya ita kaɗai, kora ta za a yi. Shi ya sa na ɓoye."

"Wa ya san kina fita?"

Ta share hanci.

"Manaja ya taɓa kama ni a bakin get. Na roƙe shi, ya ce ba komai, ba mai ji a bakinsa."

Sufeto da Kofur suka haɗa ido. Kofur ta taɓe baki.

"Amma yallaɓai, mutumin can? Hannunsa kamar na jariri, farce a gyare. Wannan ko guduma bai taɓa riƙewa ba."

"Mu je mu ji daga masu guduma."

A layin da ke bayan gidan Malama akwai shagon gyaran kayan katako guda ɗaya. Kujeru masu karyayyun ƙafafu a jibge a waje, ciki kuma gwangwanaye da tsummoki da warin banish, man shafa wa katako. Kafintan dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, yana kan wani teburin cin abinci yana shafa masa mai.

Sufeto ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Kana sayar da kakin cike karce?"

"Ina haɗawa dai don aikina."

"Wa ya saya kwanan nan? Mai duhu, kalar tsohon katako."

"Babu kowa."

"Ka san manajan otal, surukin Malama?"

"Ni da manyan mutane? Ban san shi ba."

Ya amsa da sauri fiye da kima, hannunsa kuma ya daina shafa man. Sufeto ya zagaya shagon a nutse, ya ɗauki wani curin kaki mai duhu, an yanke rabinsa da wuƙa, yankan sabo fil. Ya kai hanci.

"Irinsa ne a bakin durowar Malama, inda aka ɓalle aka kwashe gwal. Kaki naka, shago naka, gida a bayanka. Kofur, kawo ankwa."

Tabarau ya kusa faɗuwa.

"Sata? Inna lillahi! Wallahi ce mini ya yi kujerun otal zai gyara! Kai, Ɗan-samfefa ya cuce ni!"

"Wa?"

Dattijon ya zauna a kan benci.

"Manajan naku. A hannuna ya tashi. Ya yi shekaru yana yi mini samfefa kafin ya koma karatu, kuma ban taɓa samun mai hannu irin nasa ba. Karce in ya gani a jikin katako, ko a gidan mutane ne, ba ya iya zama sai ya shafa shi. Da ya zama babban mutum ya auri 'yar gidan boko, sai ya zo ya roƙe ni kada in taɓa nuna na san shi. Na riƙe masa. Ashe ni zai jefa a rami."

A hanya Kofur sai murna take, tana dukan sitiyari.

"Shi ke nan, mu je mu damƙo shi!"

"Da me? Zai ce kujerun otal ya gyara, kuma na tabbata ya gyara ɗaya ko biyu don ranar tambaya. Sayen kaki ba laifi ba ne. So nake bakinsa ya kai shi ɗakin nan."

Washegari da safe motar kai masu laifi kotu ta tsaya a ƙofar ofis. Sufeto ya roƙi Oga alfarmar a biya da ita ta gidan Malama, wai akwai bayanin da za a ƙarasa. Oga ya harare shi, ya ce idan aka makara shi zai yi wa alƙali bayani.

Aka taru a ɗakin karatu. Malama a kekenta, Nas a tsaye a gefe da ankwa a hannu, Manaja a kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yau kwat ɗin baƙa ce.

"Ina fata ba za a ɓata mini lokaci ba," ya ce. "Ina da baƙi."

"Yanzu za ka tafi, ranka ya daɗe. Kofur, ina shayin? Tun safe ban sa komai a cikina ba."

Kofur ta shigo da butar ƙarfe, yanzu aka sauke ta daga wuta, tururi na tashi ta bakinta. Ba faranti, ba tsumma a ƙasa. Sufeto ya karɓa, ya dire ta a kusurwar hagu ta teburin.

Manaja ya ɗan motsa a kujera. Idonsa ya sauka kan butar, ya ɗauke, ya sake komawa.

"Ka ce tun da Mama ta kwanta ba ka shigo ɗakin nan ba?"

"Na faɗa maka."

"Kuma ba ka san komai game da aikin katako ba?"

"Ni otal na karanta, Sufeto."

"Haka ne, na manta."

Sufeto ya ɗaga butar kamar mai neman wuri mafi dacewa. Ya zagayo a hankali, yana ta surutun yadda shayin gida ya fi na ofis, har ya iso kusurwar dama, daidai inda tabon tawada yake a da. Ya fara sauke gindin butar, tururi na lasar katakon.

"Kai! Ba nan ba!" Manaja ya zabura, ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. "Kakin bai gama kamawa ba, zai narke ya yi fari!"

Kofur da Nas suka zuba masa ido. Murfin butar ya yi ƙara a hannun Sufeto.

Sufeto ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ya dubi fuskar mai hannun. Daɗi ya cika masa ciki har ya kasa ɓoye murmushi.

"Wane kaki, ranka ya daɗe?"

Manaja ya saki hannun. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin kwalar rigarsa.

"Ina nufin... kowane tebur ai akwai kaki."

"Nawa babu," in ji Malama. "Ban taɓa yarda an sa masa ba."

"Kuma da na ɗora a hagu ba ka tashi ba," Sufeto ya ƙara. "Ka san inda sabon aiki yake, don kai ka yi shi. Maigidanka na dā yana waje cikin mota, da sauran curin kakin a aljihunsa. In shigo da shi ya gaishe da Ɗan-samfefa?"

Jin wannan suna, sai Manaja ya ja da baya. Ya zube a kujera, ya dafe kai.

"Cewa ta yi za ta sayar da gwal ɗin ta gina wa makarantarta ɗakin karatu," ya ce da wata 'yar murya. "Gadon matata! A bai wa 'ya'yan wasu? Na ce gara in ɗauke kafin a kai kasuwa."

"Sai ka liƙa wa wadda ta roƙe ka ka rufa mata asiri," in ji Sufeto.

Manaja ya sunkuyar da kai.

"Ina gwal ɗin?"

"A ofishina. Na kwance ƙasan kujerar baƙi na sa, na mayar."

"Abu ɗaya nake so in ji," in ji Sufeto, ya jawo kujera ya zauna gabansa. "Ramukan da ƙarfenka ya yi, dole ka cike su. Tawadar da ka kifar, dole ka wanke, tsohon tabo ya bi ta. Duk na gane. Amma tsohon karcen nan ba kai ka yi shi ba. Da ka bar shi, hannun Mama ba zai tsaya ba, ni kuma da ƙamshi kawai zan koma ofis. Me ya kai ka?"

Manaja ya ɗago jajayen idanu ya kalli kusurwar teburin.

"Na gama komai, na tattara kayana, har na kai ƙofa. Na waiwayo sai na gan shi. Wuri ya yi kyau sumul, shi kuma ga shi nan a tsakiya kamar tsaga. Na ce a raina bar shi, bar shi. Wallahi hannuna ne ya ƙi."

"Aikin dai ya yi kyau, ba ƙarya," in ji Kofur. "Can inda za ka ma akwai benci duk karce, ba za ka zauna haka ba."

Malama ta juya fuskarta wajen da ta ji numfashinsa.

"Da ka zo neman 'yata ka ce mini kai kafinta ne, da hannu biyu zan ba ka. Sana'a ka ɓoye don kunya, sata kuma ba ka ji kunyarta ba. Ku fitar mini da shi."

Sufeto ya miƙe ya karɓi ɗan mukulli a hannun Kofur. Da kansa ya buɗe ankwar da ke hannun Nas, ya juya, ya ɗaura ta a hannun Manaja tun ɗumin jikinta bai bar ƙarfen ba. Kofur ta tisa ƙeyarsa ta baranda, ta gaban dattijon kafinta da ya kau da kai, har cikin motar da aka kawo don Nas.

Nas na tsaye tana murza wuyan hannunta, hawaye na zuba.

"Ranka ya daɗe, maganar fitata..."

"Wannan tsakaninki da Mama ne. Ni ɓarawo aka aiko ni nema, na kuwa samu."

Malama ta miƙa hannu tana lalube har ta kamo gefen farar rigar, ta jawo ta jikinta.

"Daga yau ranar asibitin mijinki, tare za mu je, ki ajiye ni a gefe in yi barcina a can. Yanzu dai wuce kicin, 'yar nan. Tun jiya ban yarda kowa ya ba ni abinci ba."